Littafin Cefane da Gwangwanaye Bakwai na Gidanmu



Da aka ce kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida ya kawo abin da za a liƙa a allo a wannan zangon, mun daɗe muna shawara a gida ko a kawo wannan labari ko a bar shi, domin maganar kuɗin gida ba a cika fitar da ita waje ba. Sai da muka nemi izinin Baba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce mu rubuta, amma da sharaɗi biyu: kada mu faɗi nawa ne albashinsa, kuma kada mu ambaci sunan kowa. Mun amince. Duk inda kuka ga "mu" a nan, ana nufin mu yaran gidan, mu biyar, domin tare muka sha wahalar abin, tare kuma muka ga amfaninsa.

Yadda abin ya fara

A gidanmu mu takwas ne: Baba da Umma da kakarmu da muke kira Hajiya, sai mu yara. Gidan haya muke zaune a cikin Kano. Baba ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, Umma kuma tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida. Da can ba mu san ana wani lissafi ba. Da safe Baba zai ajiye kuɗin cefane, ya ba mu kuɗin tara da na mota, ya hau babur ɗinsa ya tafi. In abu ya ƙare, a aiki ɗayanmu shago. In babu kuɗi, a ce mai shago ya rubuta.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, wato ranar da aka rantsar da Shugaba Bola Ahmed Tinubu, ya sanar da cire tallafin man fetur. A lokacin ko ma'anar tallafi ba mu sani ba. Litar mai da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 ko fiye cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Mu yara mun ɗauka abin bai shafe mu ba tunda ba mu da mota. Ashe masarar da muke tuwo da ita a mota ake kawo ta. Injin niƙa da mai yake aiki. Ɗan ga-ruwa ma a wurin mai rijiyar burtsatse yake sayen ruwa, shi kuma sai ya tayar da janareta. Kuɗin a-daidaita-sahu ya tashi, kwanon shinkafa ya tashi, hatta dunƙulen miya ya tashi. Abu ɗaya ne bai motsa ba, shi ne albashin Baba.

Da farko dai ana ta lallaɓawa da bashi. Sai wata rana a farkon shekarar 2024, aka aiki ɗayarmu shago ta karɓo shinkafa kwano ɗaya a rubuta. Mai shago ya buɗe littafinsa, ya juya shafi, ya sake juyawa, sannan ya ce a gaban mutane, "A gaishe da Baba, a ce masa shafinku ya cika." Bai yi zagi ba, kuma gaskiyarsa ce, shi ma saro kayan yake yi. Amma ta dawo gida da roba babu komai a ciki, tana kuka. Ranar da daddare gari muka jiƙa.

Bayan sallar isha'i Baba ya tara mu a tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba a kan maganar kuɗi. Ya gaya mana gaskiya. Albashi yana ƙarewa kafin ashirin ga wata. Akwai bashin shago. Kuɗin haya yana tafe. Sannan Yaya, wanda yake aji biyar na sakandare a lokacin, shekara mai zuwa zai buƙaci kuɗin jarrabawar fita, kuma ba a ajiye ko sisi ba. Sai Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ko in bar makarantar in bi wani mai a-daidaita-sahu, in dinga kawo wani abu?" Baba ya ce, "Ba don haka na tara ku ba. Babu wanda zai bar makaranta a gidan nan. Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Daga gobe duk kwabon da ya fita sai an rubuta shi."

Watan farko: rubutu kawai

Umma ta ɗauko wani tsohon littafin rubutu mai ragowar shafuka, muka ja layi huɗu da rula: kwanan wata, abin da aka saya, nawa aka biya, wa aka aika. Aka ɗora riƙon littafin a kan ta uku a cikinmu, mai wannan rubutu, don an ce rubutunta ya fi fita. Baba ya ce a watan farko kada a rage komai, a rubuta kawai, domin ba a toshe rami sai an san inda yake.

Da wata ya ƙare muka zauna muka tara, sai kowa ya riƙe baki. Mu huɗu da muke zuwa makaranta, kowa naira 100 kuɗin tara. A rana 400, a kwana ashirin na karatu naira 8,000. Mu uku da muke shiga a-daidaita-sahu, kowa 300 zuwa da dawowa, a rana 900, a wata naira 18,000. Ga ruwan leda da muke saya a hanya. Ga kuɗin da mai POS yake cira duk lokacin da Baba ya je karɓar dubu biyar ko dubu uku, kuma yakan je sau da yawa a wata. Ga man gyaɗa da omo da sukari da ake saya ƙulli-ƙulli kullum, wanda in ka haɗa sai ka ga ya fi sayen kwalba guda ko leda babba tsada. Babu wani abu guda babba da ya cinye kuɗin. Ƙananan abubuwa ne da ba ma ɗaukar su a bakin komai.

Gwangwanaye bakwai

Hajiya ce ta kawo shawarar gwangwanaye. Ta ce a zamaninsu ba su da banki, ƙulli suke yi a bakin zane, kowane ƙulli da aikinsa. Muka nemo gwangwanayen madara guda bakwai, muka wanke, muka liƙa wa kowanne takarda. Duk naira 100 da ta shigo gidan, daga albashin Baba ko ribar Umma, ga yadda aka raba ta: 55 abinci, 10 haya, 10 sufuri, 9 ruwa da wuta da gawayi, 8 makaranta, 5 asibiti, 3 zumunci. A cikin kason abinci ake cire wani abu duk wata a kai wa mai shago, har bashinsa ya ƙare.

Doka uku aka kafa. Ta farko, ba a ƙara cin bashin shago. Ta biyu, ba a aro daga wannan gwangwani a zuba a wancan sai an zauna gaba ɗaya an yarda. Ta uku, duk daren Juma'a a buɗe littafi a gaban kowa, a ƙirga abin da ya rage. Kuɗin haya da na jarrabawar Yaya kuwa ba sa kwana a gwangwani. Umma tana zuba su a adashen matan unguwa, ta kuma roƙi uwar adashe a ba ta ɗauka a watan da ake biyan haya. Ta ce kuɗin da ido yake gani kullum ba ya daɗewa.

Daga baya, da aka shigo ƙaramar sakandare, aka koya mana a darasin kasuwanci bambancin buƙata da sha'awa, da yadda ake jera su, a fara da wadda ta fi muhimmanci. Muka ce ashe abin da muke yi a tsakar gida suna gare shi a littafi. A nan ne kuma muka ji cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Malam ya fassara mana da cewa kayan da aka saya naira 100 bara, a bana sai an biya kusan 135. Mu kam ba mu yi mamaki ba, littafinmu ya riga ya gaya mana.

Abin da muka rage

Abu na farko da ya tafi shi ne a-daidaita-sahu. Tafiyar ƙasa daga gidanmu zuwa makaranta takan ɗauki kusan minti arba'in. Sai muka koma tashi da asuba, mu gama shara da wanke-wanke da wuri, mu fita kafin ƙarfe bakwai. Makon farko ƙafafunmu sun yi ciwo, kuma sau biyu muka makara aka tare mu a bakin ƙofa. Yanzu mun saba. Ranar da ake ruwan sama kawai ake ba mu kuɗin mota.

Na biyu, kuɗin tara. Umma ta ce ciki cike ba ya kwaɗayi, don haka sai mun ci ɗumame ko mun sha koko kafin mu fita. A jaka kuma akwai gorar ruwa da ɗan ƙulli na gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Ba za mu ɓoye muku ba, wannan ya fi tafiyar ƙasa ciwo. In aka fita tara, ƙawaye suka nufi wurin mai awara, sai mutum ya yi kamar yana da aikin da bai gama kwafa ba.

Na uku, shinkafa. Da kusan kullum ake dafa ta, sai ta koma ranar Juma'a da ranar da aka yi baƙi. Akwai lokacin da har afafata Umma ta saya, wato ɓarzajjiyar shinkafar nan da masu casa suke warewa, wadda da can ba a ɗauke ta abincin mutane ba. Sai an zauna an tsince ta sosai. Sauran ranaku kuwa tuwon masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ɗanwake, fate, dambu da zogale. Nama ya zama sau ɗaya a mako, wani makon ma ƙashi ne kawai don miya ta yi ƙanshi. Wake da awarar da Umma take yi da kanta su suka maye gurbinsa.

Akwai kuma dabarun da Hajiya da Umma suka koya mana waɗanda ba sa cin ko kwabo. A jiƙa wake tun dare don ya yi saurin dahuwa. A rufe tukunya. In an sauke girki a yayyafa wa ragowar gawayi ruwa, a shanya shi, gobe ya sake aiki. Guntayen sabulu a tara su a cikin tsohuwar safa a yi wanke-wanke da su. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi a zuba wa shuka, domin mun cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki mun shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa a gefen katanga. Littattafan rubutu na bara kuwa, muna ciro shafukan da ba a taɓa ba, mu ɗinke su da zare da allura su zama littafin gwaji.

Babbar dabarar ita ce sanin lokacin sayen kaya. Tumatir da tattasai suna araha da rani, lokacin da kayan lambu na Kura da Kadawa suke shigowa kasuwa, da damina kuma su yi tsada. Sai Umma ta sa aka sayo mata kwando a 'Yankaba, muka yanka, muka shanya a kan rufi. Hatsi kuma da kaka yake sauka. Mu kaɗai ba za mu iya sayen buhu ba, sai Baba ya haɗa kuɗi da maƙwabta biyu, suka je Dawanau suka sayo masara da wake, aka raba da kwano a ƙofar gida. Waken muka zuba a busasshiyar jarka, muka cika ta har baki, muka toshe sosai don kada iska ta shiga ƙwari su samu rayuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranar da muka yi wa littafi ƙarya

Wannan ɓangaren ne muka fi jin kunyar rubutawa, amma Yaya ya ce in muka cire shi labarin ya zama rabi.

Wata rana ana tsananin zafi, bayan azumi da 'yan makonni, aka aiki biyu daga cikinmu kai niƙa da naira 500. Mai inji ya karɓi 300. A hanyar dawowa muka gamu da mai sayar da ƙanƙarar zoɓo. Mun fi wata uku ba mu sayi komai da kanmu ba. Muka kalli juna, muka sayi guda biyu a naira 100, muka shanye a bayan wani kango, muka goge baki. Da muka dawo muka ba Umma canjin 100, muka rubuta a littafi: niƙa, 400.

Umma ba ta ce komai ba. Ashe ta san kuɗin niƙan kwano nawa ne, domin ita ma can take kai gyaɗarta. Daren Juma'a da aka buɗe littafi, ta sa yatsa a kan layin ta ce, "Mai inji ya ƙara kuɗi ne?" Muka yi tsit. Auta, da bai san komai ba, ya ce ai ranar ya ga harshensu ja. Nan fa kuka ya ƙwace mana. Mun zaci duka za mu sha. Sai Umma ta ce, "Ba naira ɗarin ce ta dame ni ba. In akwai ƙarya a layi ɗaya, ta yaya zan yarda da sauran? Da kun rubuta ƙanƙara, da na yi faɗa na minti ɗaya ya wuce."

Baba ya daɗe bai yi magana ba. Can sai ya ce laifin ba namu ne kaɗai ba, shi ma ya ja igiyar da yawa. Ya karɓi biro ya ƙara layi a ƙasan shafi, ya rubuta "kwaɗayi", naira 500 a mako, mu biyar mu raba ko mu tara, ba mai tambayarmu abin da muka saya. Mu biyun da muka yi laifi sai da muka yi mako biyu ba mu da rabo. Tun daga ranar ba a sake samun layin ƙarya a littafin ba. Yawancin makonni ma ba ma kashe ɗari biyar ɗin, a asusu muke jefa ta.

A wannan daren ne kuma babbar yayarmu mace ta lura da wani abu. Ta ce, "Baba, ina layin abincinka na rana? Tunda aka fara littafin nan ban ga an rubuta ba." Baba ya yi dariya ya ce ba ya jin yunwa a wurin aiki. Umma ce ta gaya mana daga baya cewa ya daina cin komai daga karin safe har ya dawo, kuma kwana uku a mako yana ajiye babur ya ari keken maƙwabcinmu. Ita ma ashe ta sayar da ɗankunnenta guda ta rage bashin shago, ba ta gaya wa kowa ba. Mu muna ƙorafin awara, su kuma suna wannan. Washegari muka fara zuba masa ɗumame ko ɗanwake a ƙaramar kula, muna ɗaure masa a bayan keke.

Sallah da baƙi

A shekarar ba a yi mana ɗinkin sallah ba. Umma ta fito da atamfofinta biyu daga akwati, tela ya yanka mana mu mata. Shaddar Yaya aka kai rini da bugu ta dawo kamar sabuwa, tsohuwar tasa kuma aka rage wa ƙaninmu. Takalma daga gwanjo. Da muka fita yawon sallah wata yarinya ta ce, "Wannan ba zanen Ummanku ba ne?" Wadda aka faɗa wa ta dawo gida ta ce ba za ta sake fita ba. Hajiya ta zaunar da ita ta ce, "Zanen uwarki ne, ba na aro ba, ba na bashi ba. Tashi ki tafi." Ta tafi, amma ba za mu ce abin bai yi mata zafi ba. Da babbar sallah ma ba mu yi layya ba, watanda Baba ya shiga, aka kawo mana kasonmu.

Sannan akwai ranar da Goggo ta zo daga ƙauye da 'ya'yanta uku, za ta ga likita, suka yi mako guda. Mu da muka saba auna komai, sai muka fara ƙunƙuni a ɗaki cewa masarar wata za ta ƙare. Umma ta ji mu. Ta ce, "Ku bambance tattali da rowa. Don me kuke zaton aka yi gwangwanin zumunci?" Aka buɗe shi, aka ƙara awo, aka mayar da tuwo fate don ya isa kowa. Haka in maƙwabciya ta aiko yaro neman ɗan gari ko gishiri, Umma ba ta taɓa cewa babu, sai dai ta ce mu rubuta a layin zumunci. Malaminmu na Islamiyya ma ya koya mana cewa addini ya hana almubazzaranci, ya kuma hana ƙwauro, tsakiya ake so. Da Goggo za ta koma, bayan mako biyu sai ga saƙon daddawa da kuka da rabin buhun gero.

Ranar da gwangwani ya yi magana

Gwangwanin da muka fi jin haushi shi ne na asibiti. Wata bayan wata ana zuba masa, ba a taɓa shi, alhali ga mu muna cin tuwo ba nama. Sau biyu muka roƙa a buɗe shi, Baba ya ƙi.

Da damina ta yi nisa, wani dare Auta ya tashi da zazzaɓi mai zafi, yana amai, jikinsa yana rawa. Da asuba Baba ya ɗauke shi zuwa asibiti, Umma ta juye gwangwanin a jakarta ta bi su. Aka yi gwaji aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi gado ya kwana biyu. Kuɗin gwangwanin ya biya gwaji da magani da ƙarin ruwa, saura kaɗan ya rage, muka fasa asusunmu na kwaɗayi muka cika. Umma ta ce da a bara ne, da sai an fara zagayen neman rance kafin a tafi, kuma irin wannan zazzaɓi a jikin ƙaramin yaro ba ya jiran a gama zagaye. Tun daga nan babu wanda ya sake cewa a buɗe gwangwanin asibiti, kuma babu wanda yake kwanciya bai sauke gidan sauro ba.

Inda muke yanzu

A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000. Da ƙarin ya iso hannun Baba bayan wasu watanni, mun zaci a-daidaita-sahu da kuɗin tara za su dawo. Ya ce a'a, daidai ruwa daidai tsaki, kasuwa ta riga ta cinye ƙarin tun kafin ya zo. Aka raba shi a gwangwanaye kamar kullum, sai dai an ƙara ranar shinkafa ɗaya.

Bashin shago ya ƙare bayan wata tara. Wadda aka koro da roba ita Baba ya ba kuɗin ƙarshe ta kai, mai shago ya ja layi a kan shafinmu a gabanta, har ya ba ta alewa. An biya haya a kan lokaci. Yaya ya biya kuɗin jarrabawarsa, ya rubuta, ya gama sakandare. Littafin cefane yanzu muna kan na huɗu.

Kada wani ya ɗauka mun yi arziki. Har yanzu akwai watan da lissafi yake ƙin fita, musamman watan azumi da watan komawa makaranta, sai an zauna an yi aro daga wani gwangwanin. Mun kuma san akwai gidajen da abin da yake shigo musu bai kai a raba shi gida bakwai ba, ko sun yi tattali iya tattali. Littafi ba ya ƙara kuɗi. Abin da ya yi mana shi ne ya nuna mana inda namu yake tafiya, ya kuma sa mun daina fushi da iyayenmu in sun ce babu, domin mu muke ƙirgawa da hannunmu.

Kiranmu ga 'yan uwa ɗalibai shi ne, ku gwada rubuta abin da kuke kashewa na mako biyu kawai, ko da kuɗin tara ne, ku tara ku gani. Ku riƙe biro da littafi da takalmi da kyau, domin duk wanda ya ɓata daga kwanon abincin gida ake cire kuɗinsa. In kun ga wani ya zauna a aji lokacin tara, ko ya zo da kayan makaranta masu faci, kada ku yi masa dariya, ba ku san lissafin da ake yi a gidansu ba. In kuna da hali ku gutsura masa, ba tare da kun tara masa mutane ba.

Ga malamanmu kuma muna da roƙo cikin ladabi. In za a buƙaci sabon littafi ko kuɗin wani aiki, a taimaka a sanar da mu da wuri, ko da mako biyu ne. A gida irin namu, naira 500 da aka ce a kawo gobe da safe, daga wani gwangwani za ta fito, kuma sai an yi zama kafin a buɗe shi. Muna godiya ga malaman da suke haƙuri da mu a kan haka, suna da yawa.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya sa albarka a cikin abin da suke samu, Ya kawo wa ƙasarmu sauƙi. Amin.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare, a madadin 'yan gidansu.